Gilashin da Bai Taɓa Yin Ja Ba

Kun taso kun ji ana cewa taurin kai ne ya raba kakanku na wajen uwa, Malam Ummaru Mai-inji, da aikinsa. Haka ake faɗa a Kebbe, haka ƙannen uwarku suka yarda, ni ma ban taɓa musa wa kowa ba. To, ba haka aka yi ba. Ina wurin, kuma zan faɗa muku yadda abin ya gudana daki-daki, ko da yake ba zai yi muku daɗin karantawa ba.

A shekara ta biyu ne bayan an yanke Jihar Sakkwato. Kuɗin man fetur sun shigo, gwamnati tana ta kawo injuna daga waje tana kafawa a ƙauyuka. Aka kafa wani babban injin gas a bakin gulbi kusa da Kebbe, yana juya famfo, famfon yana tura ruwa cikin doguwar magudana ta siminti har zuwa gonakin rani da ke can kan tudu, inda ba a taɓa noman rani ba sai da ya zo. Mutane suka shuka albasa da alkama saboda shi. Ni kuwa ina da takardar makarantar koyon sana'a, sai aka naɗa ni obasiya, wato mai duba injuna, aka ba ni ofis a Tambuwal da babur. Litinin da Alhamis nake zuwa Kebbe. Wanda yake tare da injin kullum, yana tayar da shi yana kashe shi, shi ne Malam Ummaru. A takardar gwamnati ni ne shugabansa. A gida kuwa surukina ne, domin wata biyar kafin nan ya ba ni 'yarsa Luba, uwarku.

Ku da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba lallai ne ku gane nauyin wannan ba. A lokacinmu, tun daga nesa nake cire takalmi idan na hango shi. Sai na durƙusa nake gaishe shi, ba na kallon ƙwayar idonsa, ba na cin abinci a inda yake, ba na ambaton sunansa. Shi ma ba ya kiran nawa, Obasiya yake ce mini, kuma idan zai yi mini magana sai ya juya yana kallon injin, kamar da shi yake yi. Babu wanda ya tilasta mana. Mutunci ne, kuma ina jin daɗinsa.

Mutum ne da ya san inji tun kafin a haife ni. Ya yi aiki da masu gina hanya, ya yi da masu gurzar auduga, kuma ko da bai iya karatun boko ba, masu injin niƙa daga Sanyinna har Dogon Daji sukan aiko a ɗauke shi don kawai ya saurari ƙarar injinsu ya faɗi ciwonsa. Duk injunan da ya taɓa riƙewa irin na da ne, masu matatar iska ta ƙarfe: kwano ne da baƙin mai a ciki, da curin waya a sama. Irin wannan matata wanka take so. A kwance ta, a zubar da man da ya yi laka, a wanke wayar da kananzir, a mayar. Shi kuma ya ɗauki wannan aiki ya haɗa shi da ranar Juma'a. Ranar ba a ban ruwa, inji yana hutawa. Da hantsi zai wanke matata, ya goge jikin injin tas, sa'an nan ya je gida ya yi nasa wankan ya tafi masallaci. Shekara talatin bai fasa ba.

Sabon injin ba irin wannan matata gare shi ba. Tasa ta takarda ce, an nannaɗe ta kamar ganga, makanikai suna ce mata iya-kilina. Ruwa yana kashe ta. Idan ta jiƙe sai takardar ta kumbura, idan ta bushe sai ta tsattsage, tsagar da ido ba ya gani amma ƙura tana gani. Saboda haka masu ƙera injin suka liƙa wani ɗan gilashi a jikin bututun iska, tsawonsa bai fi babban yatsa ba. Muddin iska tana wucewa yadda ya kamata, gilashin fari ne. Yayin da matata take toshewa, inji yana ƙara zuƙa da ƙarfi, sai wani jan abu ya riƙa hawowa a cikin gilashin, har ran da zai cika shi ya tsaya. Ranar ce kaɗai ake buɗe murfi, a cire tsohuwar a yar, a sa sabuwa. Kafin nan ba a taɓa ta. Wannan shi ne abu na farko da aka koya mana a kwas ɗin mako biyu da muka yi a Sakkwato, kuma aikina ne in koya wa duk mai kula da inji. Na koya wa masu kula da injunan sauran wurare biyu da ke ƙarƙashina. Shi na bar shi sai na samu lokacin da ya dace.

Wata Juma'a aiki ya kai ni Kebbe ba ranar zuwana ba. Tun kafin in kashe babur na hango wani abu fari a kan rufin kwanon rumfar injin, an kafa shi a rana. Matatar ce. A ƙasa ga daro da ruwan sabulu, ya yi ja wur saboda ƙura. Bai sa kananzir ba, domin da ya ga takarda ce sai ya yi tunanin kananzir zai yi mata ƙarfi. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, barka da aiki."

"Barka kadai, Obasiya. Ya hanya? Ka ga abin da na hidda daga cikin wagga aba? Dubi ruwan. Da an bar shi da duk cikin inji za shi."

"Haka ne, Baba. Allah ya saka da alheri."

Abin da na faɗa ke nan. Fuskarsa cike take da jin daɗin mutumin da ya yi aiki mai kyau, ga kuma manoma biyu zaune a gindin bango suna yaba masa. Na ce a raina ba yau ba, ba a gaban mutane ba.

Da na koma Tambuwal na gaya wa Luba, tana zuba mini tuwo. Na ce ko za ta je gida ta yi masa maganar a hankali. Ta ajiye mara ta dube ni.

"Ni in tafi in ce ma Baba bai iya aikinai ba? Kai da gwamnati ta ba babur ka kasa, sai ni da ko keke ba a ba ni ba?"

"Ba cewa za ki yi bai iya ba."

"To mi zan ce? Ka aiki Mamman Dogo mana. Shi ba abin da ba ya faɗi."

Mamman Dogo ɗan kawuna ne, taubashina, kuma yana da gonar albasa a ƙarshen magudanar. Gaskiyarta ne, akwai hanya. Wanda ba zai iya yi wa surukinsa magana ba yakan aiki wani, ko taubashi, ko liman, ko abokin surukin. Kowa ya san wannan. Amma na ƙi, domin na san bakin Mamman. Na ga kamar kafin la'asar duk Kebbe za ta ji cewa yaron da aka yi wa aure jiya ya fara gyara wa Mai-inji aiki. Sai na nemi wata dabara. Akwai sababbin matatu biyu a sito. Ranar Litinin na ɗaure ɗaya a bayan babur cikin buhu, na jira ya tafi sallar azahar, na cire wankakkiyar na sa sabuwa. Luba ta tambaye ni ko na yi maganar, na ce mata na samu hanya. Ranar Juma'a ya wanke sabuwar. Bayan mako uku na sake yin haka da ta biyun, ita ma ya wanke ta. Sito ya ƙare.

Ku lura da wani abu, domin shi ne ya fi damuna har yau. Rumfar injin a bakin burtali take. Kullum safe da yamma Fulani suna gangaro da shanu mashaya, ɗaruruwa, ƙurar da kofatonsu ke tayarwa sai ta rufe rumfar, har mutum ya ji ta a haƙoransa. Ga kuma rimi biyu a bayan rumfar da suke sakin audugarsu idan zafi ya fara. A irin wannan wuri, matata mai lafiya ba za ta yi wata guda ba gilashi ya fara nuna ja. Namu ya yi wata huɗu fari fat. Wanda bai sani ba sai ya ce madalla. Ni na sani. Gilashin toshewa yake gani, ba ya ganin huda. Fari yake saboda ƙura ta samu hanya, tana wucewa kai tsaye cikin injin tana cin zobban fistan, ƙarafan da ke hana mai zurarewa a cikinsa, kamar yashi a turmi. Duk da haka kowace Litinin da Alhamis nakan tsaya a gabansa, in buɗe littafin aiki in rubuta: gilashi fari, inji lafiya. Ban rubuta ƙarya ba a kan gilashin. Fari ne.

Sai injin ya fara shan baƙin mai. Hayaƙinsa ya koma shuɗi-shuɗi, da safe sai an daɗe ana fama kafin ya tashi, ruwan da yake kaiwa ƙarshen magudana ya ragu. Wata Alhamis na sa yatsa a cikin bututun iska, bayan matata, inda bai kamata a sami komai ba. Yatsan ya fito da gari ja mai laushi. Na goge a wandona. Mamman Dogo yana nan ya zo ƙorafi, da wasu manoma huɗu ko biyar.

"Kai Obasiya, an ce takardarka ta fi tabarma faɗi, amma ruwa ya ƙi isowa gonata. Ko in kawo albasar nan ka karanta mata takardar ta sha?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Malam Ummaru bai yi ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan injin yana sauraro, ya daɗe. Sa'an nan, yana kallon injin kamar yadda ya saba, ya ce:

"Wanga inji numfashinai ya sake. Awa mai tari. Na ƙara mishi wanka, yanzu Talata da Juma'a nika yi, amma bai ji sauƙi ba. Obasiya, ku da kuka yi karatunai, littafin naku bai ce komi ba?"

Shi da kansa ya tambaya. Dattijon da ake ɗauka a mota don ya saurari inji ya sauke kansa ya tambayi yaro a gaban mutane. Da na ce, Baba, wankan ne ke kashe shi, da a ranar an aika Sakkwato a nemo matata, a sauya zobba, injin ya kai mu ƙarshen rani. Na dubi manoman nan, na ga duk sun zuba mini ido. Na lissafa cewa idan na faɗa yanzu, tambaya ta gaba ita ce tun yaushe na sani.

"Sai dai mu ƙara kula, Baba," na ce.

Ya gyaɗa kai. A nan ne kunyar suruki ta ƙare, abin da ya biyo baya tsoro ne kawai. Na daɗe ina haɗa su wuri ɗaya don in samu sauƙi, amma ba abu ɗaya ba ne.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan injin ya tsaya, bai sake tashi ba. Alkama tana fitar da kai, albasa tana bukatar ruwa uku ko huɗu kafin ta ƙosa. Aka ce kayan gyara sai daga waje, jiragen ruwa kuma sun yi cunkoso a Ikko. Mutane suka fito da jakuna da tuluna da garewani suna ɗibar ruwa daga gulbi zuwa tudu, maza da mata, cikin zafin bazara. Na kusa da gulbi sun tsira da wani abu. Na ƙarshen magudana ba su tsira da komai ba. Na ga Mamman Dogo ya tsuguna a gonarsa yana tuge albasa ƙanana kamar goro yana jefarwa. Da ya gan ni bai yi mini ba'a ba, kuma tun muna yara ban taɓa zuwa gabansa ya bar ni na wuce ba sai ranar.

Aka aiko injiniya daga Sakkwato ya yi bincike, da magatakarda mai rubuta abin da aka faɗa. Da hantsi aka taru a rumfar, da wakilin hakimi da manoma. Injiniyan bai yi dogon bincike ba. Ya duba littafina, ya dubi burtali, ya ce a rufe ƙofa da taga. Ya cire matatar ya kunna tocila ya sa a cikinta. Haske ya fito ta ko'ina a jikin takardar kamar rariya.

"Wa ya wanke wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Ummaru. "Talata da Juma'a."

Injiniyan ya juyo gare ni.

"Kai ka yi kwas. Ka gaya masa ba a wanke ta?"

Ina jin alƙalamin magatakarda ya tsaya yana jira. Luba tana da cikin yayanku na fari, wata bakwai. Ina da babur, da ofis, da sunan wanda ya yi karatu. Duk waɗannan sun zo mini, ba zan ce ba su zo ba.

"Na gaya masa," na ce.

Ranar ce kaɗai a rayuwata da surukina ya dube ni ido cikin ido. Bai daɗe ba. Ya mayar da kansa ga injin.

"Ya hwaɗi, ranka ya daɗe. Ni ne ban ɗauka ba. Tsoho da abin da ya saba."

Magatakarda ya rubuta. Aka sallame shi daga aiki a ƙarshen watan. Ni aka ja mini kunne a takarda saboda rashin kai rahoto, bayan shekara ɗaya kuma aka ƙara mini girma aka mayar da ni Sakkwato.

Ba aikin ne babbar asararsa ba. Manoman da suka rasa amfanin gonarsu suka daina tsayawa su gaishe shi a kasuwa. Masu injin niƙa suka daina aikowa. Idan mace ta wanke tufa har ta yage, sai a ce ta yi mata wankan Mai-inji, ana dariya, har yaran da ba su san asalin maganar ba suka ɗauka. Ya koma noman gero da damina, da rani kuma ya zauna a zaure yana tufka igiya. Akwatin sifanunsa na kwance inji ya tura shi ƙarƙashin gado. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma kowace Sallah ina zuwa, in cire takalmi, in durƙusa, ya tambaye ni aiki da yara. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga Sakkwato, in iso zaure in ga akwai baƙo, ko in ga ba shi da lafiya, ko in ga yana cikin raha in ce kada in ɓata masa. Wata shekara na sayi ƙaramin injin niƙa na kai masa a mota, na ce ko zai riƙa rage zaman banza. Ya zagaya shi sau ɗaya, hannuwansa a baya, bai taɓa shi ba.

"Inji ne mai kyau, Obasiya. Allah shi yi albarka. Ka ba wani. Ni hannuna ya hita daga inji."

Aka mayar da shi cikin mota. Da ya rasu ina cikin waɗanda suka saka shi a kabari, kuma ko a ranar ban gaya wa kowa ba.

Sai bara na faɗa. Da safe ne, uwarku tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ban shirya ba. Na zauna a kujera kusa da ita na ce, Luba, maganar injin Kebbe, ban taɓa gaya wa Baba ba a wanke matatar ba. Ƙarya na yi a gaban injiniya. Ba ta ɗago ba. Ta tsince tsakuwa biyu ta jefar.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar. Da na je gida haihuwa ya kira ni zaure ya gaya mini. Ya ce, mijinki bai hwaɗa min ba, amma yaro ne, ga iyali ya taso mishi, ni kuwa na ci zamanina. Ya ce kada in nuna maka na sani. In ka faɗa da bakinka, in ce maka ya yafe. In ba ka faɗa ba, in bar ka da abinka."

"Shekara arba'in da wani abu, Luba."

"Ni ma na ƙirga. Har na fara tsoron in mutu da saƙon mutane a hannuna. To ga shi na isar. Ya yafe."

Can na tambaye ta ko ya ƙara da wani abu. Ta ajiye faifan a cinyarta.

"Abu ɗaya ne ya yi mishi ciwo, kuma ba korar ba ce. Ya ce, da ya gaya min, da na bari. Mi ya gani gare ni da ya sa ya zaci ba ni iya koyo?"